Darasi Kan Haraji: Idan Rarar da Aka Mayar Maka Ta Yi Yawa

Ya kai ma'aikaci, ko kana koyarwa a Zonkwa, ko kana aikin asibiti a Kafanchan, harajin da ake cirewa daga albashinka kowane wata na Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kaduna ne. In an cire fiye da ƙa'ida, hakkinka ne a mayar maka da rarar.

To, in abin da aka mayar ya zarce zatonka fa? Ba lalle ne a ce kuskure aka yi ba. Tun daga 1 ga Janairu, 1 ga watan farko na 2026, Naira 800,000 na farko cikin samun mutum na shekara ba haraji a kansu. Wanda aka ci gaba da yanka masa bisa tsohon lissafi zai ga rara mai kauri.

Amma fa akawu ma yakan yi kuskure, kuma kuɗin da aka biya ka bisa kuskure bashi ne a wuyanka. Saboda haka kada ka taɓa su tukuna. Tattara takardun albashinka na wata 12, ka tafi ofishin haraji mafi kusa, ka nemi bayani a rubuce. In kuskure ne, ka mayar ta banki, ka karɓi rasit. Kada ka danƙa wa kowa hannu da hannu.

Matambayi ba ya ɓata.