Asali da Sauyin Ma'anar Kalmar "Billey" a Harshen Manks

Manks harshe ne na Tsibirin Man, kuma tsatsonsa ɗaya da Ayirish da Gelik na Sikotlan. A wannan harshe ana kiran bishiya "billey", jam'inta "biljyn". Kalmar ta samo asali ne daga "bile" ta Tsohon Ayirish, wadda ke nufin babbar bishiya mai alfarma. A gindin irin wannan bishiya ake naɗa sarakuna, shi ya sa abokan gaba kan sare ta domin tozarta sarauta, kamar yadda aka yi wa ta Magh Adhair a ƙasar Ayalan, a ƙarshen ƙarni na 10.

A Manks ma'anarta ta faɗaɗa har ta game kowace bishiya. Ita kuwa "crann", wadda Ayirish ke kiran bishiya da ita, takwararta a Manks, wato "croan", ta fi karkata ga doguwar sandar da ke tsakiyar jirgin ruwa. Wannan na nuna cewa harsuna 'yan uwa kan gaji kalmomi iri ɗaya, amma kowanne ya raba musu aiki daban. Saboda haka, kamannin furuci kaɗai bai isa hujjar daidaiton ma'ana ba.