Wankin Ƙoda: Yaya Za Mu San Ya Isa?

Aikin ƙoda shi ne tace jini dare da rana, ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Idan ƙoda ta gaza gaba ɗaya, sai a haɗa mara lafiya da na'ura ta yi wannan aiki. Wannan shi ne wankin ƙoda, irin wanda ake yi a asibitin koyarwa na Jos da na Aminu Kano. Iyalai da yawa suna sayar da hatsi, da awaki, har da gona domin su biya. Saboda haka ya kamata mu san ko wankin da muka biya ya isa. Ido ba zai nuna mana ba. Gwajin jini ne zai faɗa.

Babban ma'auni: yuriya

Yuriya datti ne da jiki ke yi bayan ya yi amfani da abinci kamar nama, kifi da wake. Akan ɗebi jini sau biyu a rana ɗaya: kafin a fara wanki, da kuma bayan an gama. Wanki mai kyau yana rage yuriya da aƙalla kashi 65 cikin 100. A takarda ana rubuta shi URR.

Ga misali. Idan yuriya ta kai 30 kafin wanki, ta sauka zuwa 9, an cire kashi 70. Wankin ya yi. Idan kuma ta tsaya a 15, rabi kaɗai aka cire, bai isa ba. Akwai wani lissafi mai suna Kt/V wanda masana biyu a Amurka, Gotch da Sargent, suka fito da shi a 1985. Kada ya gaza 1.2.

Amma ku lura: an tsara waɗannan lambobi ne domin mai yin wanki sau 3 a mako, kusan awa 4 kowane zuwa. Wanda ke zuwa sau ɗaya a mako yana iya samun kashi 70 a ranar, duk da haka datti ya taru ya yi masa yawa kafin ya dawo.

Sauran abubuwan dubawa

Fotasiyam: daidai shi ne 3.5 zuwa 5. Idan ya wuce 6, zuciya tana iya tsayawa ba zato. Ayaba, lemu, tumatir da dankali suna da shi da yawa.

Yawan jini, wato PCV: ƙoda ce ke yin sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini. Ana so ya kai wajen 30 zuwa 35. Ƙasa da haka yana kawo kasala da haki.

Albumin: yana nuna ko abinci yana gina jiki. Ana so ya kai kusan 4, ko 40 a irin awon wasu asibitoci. Idan yuriya ta yi ƙasa tun kafin wanki, albumin ma ya yi ƙasa, kada a yi murna. Mai yiwuwa mara lafiya ba ya cin abinci ne.

Fosfet: idan ya taru yana kawo ƙaiƙayi, yana raunana ƙashi.

Abin da iyali za su yi

A nemi gwajin yuriya, kafin wanki da bayansa, sau ɗaya a wata. A sayi littafi a riƙa rubuta sakamakon da kwanan wata. Kada a roƙi nas ta cire mutum da wuri domin a samu motar gida, gama kowane rabin awa yana da amfani. Idan lamba ta yi ƙasa, a tambayi likita dalili: ko lokaci ne ya gaza, ko jini ba ya gudu sosai a bututu. Idan kuɗin zuwa sau 3 ya gagara, a faɗa wa likita gaskiya domin ya tsara abinci da magani. Kada a ɓoye.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me ya sa mukan ji nauyin tambayar likita ma'anar sakamakon gwaji?
2. Wa zai iya raka mara lafiya asibiti ya riƙa rubuta masa lambobin?
3. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda. Yaushe aka auna naku?