Yadda albasa take yin fure

A Dogon Kiriya, idan damina ta wuce, masu garka sukan koma noman rani. Tun bayan farin 1984 aka ƙarfafa wannan noma a Nijar. Amma mai son albasa sai ya sami iri, iri kuma daga fure yake fitowa.

Albasa tana son shekara biyu. A shekara ta farko tana yin kai, ta tara abinci a ciki. A ta biyu take yin fure. Saboda haka manomi ba ya sayar da albasarsa duka. Yakan zaɓi kawuna masu ƙwari, marasa tabo, ya ajiye su a rudu, inda iska ke shiga, ruwa ba ya taɓa su. Waɗansu za su ruɓe da damina, sai ya riƙa tsince su.

Cikin watan Oktoba ko Nuwamba yakan fito da sauran. Ya yanke saman kowane kai da wuƙa, don tsiro ya fito da wuri. Ya dasa su a fangali, gindi a ƙasa, ya ba su ruwa. Lawashi ya fara fitowa. Sanyin hunturu ne ke sa ta ta da dogon kara, farin fure ya buɗe a bisansa. Wanda ya makara har zafi ya shigo, furensa kaɗan ne. Zuma da ƙudaje suna yawo daga fure zuwa fure. Ba a korarsu, don su ke sa shi ya yi ƴaƴa. Idan fure ya bushe a yanke shi, a shanya, a murza. Irin baƙi ne, ƙanana. Ba ya jure ajiya: in ya shekara, da yawa ba ya tsira. Haka mutanen Galmi, a jihar Tawa, suke samun irin albasarsu da ta yi suna.

A ƙasar Holan akwai wani fure, tulif, mai kai kamar albasa. Shi ma sai ya sha sanyi. Masu nomansa sukan sa kawunan a ɗakin sanyi wajen wata 3, sannan su kai su wuri mai ɗumi. Sai ya buɗe tun lokacinsa bai yi ba, su sayar da tsada.

Tambayoyi
1. Don me ake yanke saman albasa?
2. Me zai sami manomin da ya makara?

Aiki
Kowane ɗalibi ya dasa kan albasa cikin gwangwani mai huji a gindi. Ya auna tsawon lawashi kowace Litinin, ya rubuta.