YADDA ƘWAƘWALWAR JARIRI TAKE GIRMA

Sau da yawa mukan ji ana cewa jariri bai san komai ba sai nono da barci. Gaskiyar magana ita ce, bayan haihuwa babu lokacin da ƙwaƙwalwa take girma da sauri kamar shekaru biyu na farko.

Ranar da aka haifi jariri, nauyin ƙwaƙwalwarsa kimanin giram 350 ne, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ta babban mutum. Lokacin da ya cika shekara 2, ta kai wajen kashi uku cikin huɗu. Yawancin ƙwayoyinta da su aka haife shi. Abin da yake ƙaruwa shi ne hanyoyin da suke haɗa su. Hanyar da ake yawan bi takan yi ƙarfi, wadda aka daina bi kuwa takan ɓace, kamar turbar gona da ciyawa ta rufe.

Masana biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, sun rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya tun suna ƙanana. Da aka buɗe bayan watanni, idon lafiyarsa lau, amma ba ya gani sosai, domin ƙwaƙwalwa ba ta koyi aiki da shi ba. Sun sami kyautar Nobel a 1981.

Tunani ma daki-daki yake zuwa. Sabon jariri ya fi ganin abin da ke nesa da shi santimita 20 zuwa 30, daidai nisan fuskar uwa lokacin shayarwa. Wajen wata 2 yakan mayar da murmushi. Wajen wata 6 ya fara gwaranci. Wajen wata 8, in ka ɓoye cokali ƙarƙashin zane, sai ya ɗaga ya nema, abin da masanin nan Jean Piaget ya bayyana. Wajen shekara 1 kalmomin farko sukan fito.

To, mene ne aikinmu? A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6. Mai ciki da mai shayarwa su riƙa cin gishiri mai sinadarin aidin, don rashinsa yana dakushe basira. Kada a jijjiga jariri da ƙarfi, domin jini yana iya zuba a ƙwaƙwalwarsa.

'Yan'uwa ɗalibai, yawancinmu mukan yi renon ƙanne lokacin hutu. In ƙaninka ya yi gwaranci, ka dube shi ka amsa masa, ka faɗa masa sunan abin da ya nuna. Karatunsa ya riga ya fara, kai ma kana cikin malamansa.