Kafin a wanke laftof, a duba abin da ke tashi tare da ita

Yawancin laftof ɗin da ake kawo mana gyara daga Achilafiya, Roni, Gwiwa da ƙauyukan Kazaure, ƙorafinsu iri ɗaya ne: ta yi nauyi, fanka na ta ihu, batir ba ya riƙe caji, data na ƙarewa ba a san inda ta tafi ba. Maganin da mai ita ke zuwa da shi a bakinsa kuwa shi ne a yi mata fomatin. Ni a ganina wannan gaggawa ce, domin sau da yawa ciwon yana wuri ɗaya, wato jerin manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna na'ura, su zauna a bayan fage suna cin ƙarfinta. Irin HP EliteBook da Dell Latitude na hannu da ɗalibanmu ke saya a Titin Beirut a Kano, da yawansu RAM ɗinsu gigabait 4 ne, ba su da sararin ɗaukar baƙi goma sha a lokaci guda.

Ganin jerin ba wuya. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, sai a shiga sashen Startup, wanda yake nan tun daga Windows 8. Wahalar tana farawa ne idan mutum ya ga sunayen da bai taɓa ji ba, kuma a nan ne nake son a fahimce ni: suna ba hujja ba ne. Akwai igfxtray da hkcmd, sunaye masu ban tsoro, alhali na Intel ne, suna kula da hoton allo. Akwai Realtek mai kula da sauti, da Synaptics mai kula da faifan da ake shafawa da yatsa, da SecurityHealthSystray na tsaron Windows. A ɗaya ɓangaren kuma, mai rubuta bairos ba wawa ba ne, yakan raɗa wa kayansa suna mai kama da na gida, kamar svchost ko Windows Update. Abin da ke tona asiri shi ne mazauni da kuma mai shi. A danna dama a kan sunan, a zaɓi Open file location. Manhajar kirki galibi tana zaune a Program Files ko System32, kuma idan aka buɗe Properties za a ga sa hannun kamfanin da ya yi ta. Wadda aka tarar a AppData ko Temp, ba sunan kamfani, sunanta tarkacen haruffa, ko fayil ɗin ya ƙare da vbs, wannan ita ce abar tuhuma. Irinta ce ke mayar da fayilolin filas su koma gajerun hanyoyi, cutar da duk wanda ke kai filas shagon buga takardu ya sani.

Za a ce ai akwai antibairos, me ya kai mutum wannan bincike? Amsar ita ce mafi yawan abin da ke danne na'ura ba bairos ba ne, don haka antibairos ba ruwansa da shi. OneDrive da Teams da uTorrent da SHAREit halastattu ne, amma idan suka tashi tare, OneDrive na loda hotuna da datar da aka saya da kyar, ga wuta ba tabbas, batir ya ƙare kafin a gama aikin makaranta. Windows da kanta tana auna nauyin kowannensu, tana rubuta High ga wanda ya ci fiye da daƙiƙa 1 na aikin furosesa ko fiye da megabait 3 na karatun faifai yayin tashi. Sannan na'urori da dama an sa masu Windows da Office na sata, kuma masu sakawa kan kashe tsaron Windows don abin ya zauna, ka ga mai gadin ma an sallame shi tun ranar farko. Ƙari a kan haka, Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta ga kowa tun 14 ga Oktoba 2025, ga shi kuwa ita ce a kan yawancin tsofaffin na'urorinmu.

Wasu kuma tsoro ne ke hana su, kada su taɓa abu na'ura ta mutu. Tsoron yana da tushe, shi ya sa ba na cewa a goge komai. A danna Disable kawai. Wannan ba ya cire manhaja, hana ta tashi da kanta yake yi, kuma idan sauti ya ɗauke ko wani maɓalli ya daina aiki, sai a koma a danna Enable. A riƙa kashewa ɗaya bayan ɗaya ana sake kunna na'ura, don a gane wanda ya jawo canji. Wanda yake da ɗan ilimi, kamar ɗaliban Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure ko na Jami'ar Fasaha ta Babura, ya sauko da Autoruns daga shafin Microsoft, kyauta ce, tana nuna har abin da ya ɓuya a Task Scheduler, tana kuma iya tura fayil ga VirusTotal inda injinan bincike da dama za su duba shi.

Fomatin kuwa yana da ranarsa, idan cuta ta yi nisa. Amma yana iya tafiya da furojet ɗin ɗalibi da lissafin ɗan kasuwa, kuma idan da filas ɗin nan mai cuta da manhajojin satan nan aka sake lodawa, cikin mako guda an koma gidan jiya, an yi asarar kuɗin gyara da kuɗin mota. Abokan sana'ata masu gyara, ina roƙonku ku buɗe wa mai na'ura wannan jeri a gabansa, ku nuna masa abin da kuka kashe da dalilin kashe shi. Kai kuma mai laftof, yau ɗin nan ka buɗe naka, ka rubuta sunayen da ba ka gane ba a takarda tare da mazauninsu, ka tambayi wanda ya sani kafin ka yarda a wanke maka ita.