Kada Tambarin Core i7 Ya Ruɗe Ka

"Injiniya. Ɗana ya samu gurbin karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a, aka ce sai da laftof. Na je kasuwa da ɗan abin da na tara, mai shago ya fito min da guda biyu, duka tokumbo. Ɗaya Core i7 ce mai had dis 1TB, ɗayar Core i5 ce mai 256GB kacal, amma i5 ɗin ta fi tsada. Yaron ya kafe sai i7, wai abokansa sun ce duk abin da bai kai i7 ba tarkace ne. Ni kuma na kasa gane yadda ƙarama za ta fi babba kuɗi. Cuta ta ake son yi, ko kuwa akwai abin da ban sani ba?" Daga wani malamin firamare a Funtuwa.

Malam, Allah ya sa yaro ya fara a sa'a. Ba ka rubuto min cikakkun lambobin kwamfutocin ba, amma daga yadda farashin ya kasance, ina kyautata zaton mai shagon nan bai cuce ka ba. Ya san kayansa ne. Bayani ne kawai bai yi maka ba, kuma ba kowane ɗan kasuwa ke da wannan haƙurin ba, musamman idan mai saye ya zo da abin da yake so a bakinsa.

Maganar "sai i7" ta daɗe tana yawo, daga titin Beirut da Farm Centre a Kano har Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja. Ta kai wasu masu shago ba sa ma ɓata bakinsu, tambarin da ke manne a gefen kibod kawai suke nuna maka da yatsa. To amma kamfanin Intel ya fara fitar da i7 tun 2008, i5 ta biyo a 2009, i3 kuma a 2010, sannan kusan kowace shekara sai ya sake sabon zubi da waɗannan sunayen dai. Zubin nan shi ne ake kira janareshin a kasuwa. Ke nan i7 tana nufin babba a cikin 'yan zubinta, ba babba a kan kowa ba. Kai malami ne, ka fi ni sanin cewa yaron da ya zo na ɗaya a aji uku na firamare ba zai kara da wanda ya zo na biyu a sakandare ba.

Janareshin ɗin a rubuce yake, ba lallai a kan tambari ba, amma a cikin cikakkiyar lambar furosesa. Idan ka ga i7-3520M, adadin farko bayan ɗan layin nan, wato 3, shi ne janareshin. Wannan na uku ne, zubin 2012, kuma ƙwayoyin aikinsa biyu ne. Idan kuma ka ga i5-8250U, na takwas ne, zubin 2017, ƙwayoyinsa huɗu. Kowace ƙwaya tana ɗaukar nata aikin a lokaci guda, don haka wannan i5 ɗin ta bar waccan i7 nesa, ga shi ba ta cin batir kamarta. Hatta i7-7500U, wadda shekara ɗaya kawai ta girme ta, ƙwaya biyu gare ta. Daga janareshin na goma abin ya ɗan sauya, adadi biyu na farko ake karantawa: i5-10210U na goma ne, i5-1135G7 na sha ɗaya.

Akwai dalili na biyu da ya sa janareshin na takwas ya zama iyaka, kuma ya fi na farko nauyi. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, shi ma zuwa 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 kuwa, in ban da 'yan tsiraru, ba ta karɓar furosesan Intel da ke ƙasa da janareshin na takwas, haka na AMD da ke ƙasa da Ryzen 2000, sannan tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Wannan ne ya karya darajar irin su HP Folio 9470m da EliteBook 840 G3, waɗanda suka cika kasuwanninmu shekara da shekaru. Kwamfutoci ne masu ƙwari, ban raina su ba. Amma yaron da zai yi shekara huɗu a jami'a, in an dace ba a shiga yajin aiki ba, bai kamata ya fara da na'urar da mai manhajar ya riga ya juya mata baya ba.

Za ka iya tarar da Windows 11 tana ci a kan tsohuwar i7 ɗin, mai shago ya ce ai ga ta nan. Ta bayan gida aka shigar da ita, da manhaja irin su Rufus da ke tsallake binciken. Tana aiki, amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa, ba na ce ya jefar ba. Ya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, kuma ɗalibin kwamfuta ma riba zai ci da sanin su. Sayen tsohuwa yau da kuɗin gumi ne ban yarda da shi ba.

Sai batun 1TB da 256GB, wanda shi ma ke ruɗar mutane. Waɗannan lambobi girman ma'aji suke nunawa, ba gudu ba. Mai 1TB ɗin kusan tabbas tsohon had dis ne, faifai ne ke juyawa a ciki, allura na bin sa tana karantawa, yawanci bai wuce megabait ɗari da 'yan kai a daƙiƙa ba. Mai 256GB kuwa SSD ce, ba abin da ke motsi a cikinta. Mai sauƙin cikinsu tana kai wajen megabait ɗari biyar, nau'in NVMe kuma dubbai. Yawancin kwamfutocin da ake kawo min da kukan "ta yi nauyi" ko "bairos ya kama ta", ba bairos ba ne, had dis ne ya gaji. Ana sauya shi da SSD sai mai ita ya rantse an canja masa kwamfuta. Ga kuma wani abu: faifan da ke juyawa ba ya son jijjiga, jakar ɗalibi kuwa tsakanin adaidaita sahu da benci take kwana. In wuri ya yi wa yaro kaɗan nan gaba, ya sayi had dis na waje ya zuba finafinansa.

RAM kada ta gaza 8GB. Ka tambaya ko akwai gurbin ƙari, domin wasu siraran kwamfutoci an like tasu a jikin allo, yadda ka saya haka za ka ƙare da ita. Idan ya fara manyan darussa zai so 16GB.

Mutanenmu suna da wata magana, wai HP ta fi kowace. Gaskiyar da ke ciki ita ce kayan gyaranta, caja da batir da sikirin, sun fi sauƙin samu a nan. Amma ni abin da nake dubawa shi ne ko an ƙera na'urar don ma'aikatu ne ko don gida. EliteBook da ProBook na HP, Latitude na Dell, ThinkPad na Lenovo, duk na ofis ne, jikinsu ya fi jure wahala, kuma an yi su yadda za a iya kwancewa a gyara. A wannan sahun, EliteBook 840 G5 da Latitude 7490 da ThinkPad T480 duk sun dace da ɗalibi. Sai dai a kula, wasu daga cikinsu sun fito da furosesa na janareshin bakwai duk da sunan ɗaya ne, don haka sunan kwamfuta bai isa shaida ba.

Ba a cinikin biri a sama, saboda haka idan ka koma shagon, ka tafi da yaron, ku nemi kujera ku zauna. A kunna ta a gabanku. Ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, ya shiga shafin Performance, zai ga cikakken sunan furosesa, yawan RAM, da ko ma'ajin SSD ne ko HDD. Da yake ana iya sauya sunan da Windows ke nunawa, a kashe ta a sake kunnawa a shiga BIOS a gwada: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. In BIOS ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ku ajiye masa abarsa. Yawancin tokumbo daga kamfanonin Turai da Amurka suke fitowa, wasu kuma ba a cire su daga rajistar kamfanin ba, sai ranar da aka sake musu Windows aka jona intanet su tsaya cik suna neman ma'aikacin kamfanin ya shiga da asusunsa. Ku jona ta da intanet ɗin wayarku tun a shagon, ku kuma sa sharaɗin dawowa da ita in hakan ta faru.

Batir shi ne inda aka fi yi wa mai saye daɗin baki. "Tana awa shida" ba ta da wuyar faɗa. Ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport, zai samu rahoto mai lambobi biyu: Design Capacity, ƙarfin batirin yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake iya ɗauka yanzu. In na biyun ya kai kashi saba'in ko tamanin cikin ɗari na na farkon, babu laifi. In rabi ne, a rage kuɗin sabon batir daga farashi. In kuwa kun ga wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura, kuma wannan haɗarin gobara ne. Daga nan a gwada kowane harafi a kibod, kowace kafar USB, kyamara da lasifika. A buɗe farin shafi da baƙi a duba tabo a sikirin. A bar bidiyo yana ci kamar minti ashirin a saurari fanka, a taɓa ƙasan a ji zafi.

Yanzu bari in faɗi abin da nake zargin yaron bai gaya maka ba. Sau da yawa idan saurayi ya kafe sai i7, ba darasi ne a ransa ba, ƙwallo ce. Yana son buga FIFA, wadda tun 2023 ta koma EA Sports FC, ko eFootball da ta gaji PES, ko GTA V. Ba laifi ba ne, mu ma mun yi, kuma da yawa daga masu rubuta manhaja ta ƙofar gem suka shigo. Amma abokansa sun ba shi gurguwar shawara, domin gem ba tambarin furosesa yake nema ba, katin girafik yake nema. EA Sports FC 24, alal misali, mafi ƙarancin abin da take buƙata shi ne kati irin Nvidia GTX 1050 Ti. Kwamfutocin ofis na janareshin takwas yawanci Intel UHD 620 gare su, wanda a jikin furosesa yake. Zai ɗauki tsofaffin wasanni irin PES 2017 in an rage ingancin hoto, sababbi kuwa sai dai hoto ya riƙa tsalle. Tsohuwar i7 ɗin ta fi wannan ma rauni. Kuma a mafi yawan laftof ba a ƙara katin girafik daga baya.

Laftof ɗin gem ta gaske tana nan, amma ban ba ɗalibin da ke zaune a hostel shawarar ta ba. Tana da nauyi, batirinta ba ya jimawa, cajarta tana jan wat 135 zuwa sama, alhali ta ofis 45 zuwa 65 ta ishe ta, ƙaramar sola ma za ta ɗauka. Ga zafin Afrilu da ƙurar hunturu, waɗanda su ne ajalin fanka. In ƙwallo yake so, PlayStation 4 ta hannu za ta fi yi masa daɗin wasa, kuma wannan sai ya tara da kansa, ko ya je gidan gem kamar kowa.

Wani zai ce maka da tokumbo gara sabuwa dal a kwali. A irin kuɗin nan, sabuwar da za ka samu yawanci mai Celeron ce, da RAM 4GB a like da ma'ajin eMMC 64GB, wanda Windows kaɗai za ta cinye kusan rabinsa. Araha ba ta ado. Haka nan in mai shago ya ce zai cika maka ita da manhajoji kyauta, ka ce ka gode. Rigakafin bairos biyu ko uku a kwamfuta ɗaya nauyi kawai suke ƙara mata, Microsoft Defender da ke cikin Windows ya wadatar, kuma manhajojin da aka fasa su ne babbar ƙofar da ɓarayin bayanai ke bi.

In i5 ɗin ta tabbata janareshin takwas ce ko sama, da SSD da RAM 8GB, batirinta kuma da sauran rai, ita za ka ɗauka, ka taya yadda aka saba. A rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, wadda ke ƙasanta, a tabbatar ta yi daidai da ta cikin BIOS, a kuma rubuta kwanakin da aka ba ka na gwaji. Caja ta zama ta asali. Kwanakin nan kada a ajiye ta a akwati ana jiran ranar tafiya makaranta: yaro ya sake mata Windows sabuwa, ya jona intanet, ya cika batir ya sauke shi sau biyu ko uku, domin in da aibi ya fito tun mai shago bai ce wa'adi ya wuce ba.