Koyar da Kimiyya ga Ƙananan Yara ta Hanyar Balan-balan da Jirgin Takarda

Gabatarwa

Yaro ɗan aji ɗaya ko biyu yakan manta da ƙa'idar da aka karanta masa, amma da wuya ya manta da abin da hannunsa ya aikata. Wannan maƙala ta kawo gwaje-gwaje uku waɗanda ba su bukatar ɗakin gwaji.

Gwaji na Farko

A zura zare cikin bututun biro, a ɗaure shi tsakanin kujeru biyu. A hura balan-balan, a riƙe bakinsa, a manna shi jikin bututun, sannan a saki. Iska za ta fita ta baya, shi kuwa ya yi gaba a guje. Wannan ita ce ƙa'idar motsi ta uku da Isaac Newton ya bayyana a shekarar 1687, kuma a kanta roka take tashi.

Gwaji na Biyu

Idan aka goga balan-balan a gashi, zai riƙa janyo guntayen takarda saboda lantarkin da gugar ta tara a jikinsa. Gwajin ya fi kyau da hunturu, domin laimar damina tana zurarar da lantarkin.

Gwaji na Uku

A naɗe jirage biyu da takarda iri ɗaya, ɗaya mai faɗin fiffike, ɗaya siriri. A cilla su daga wuri guda, yara su auna nisan da taku. Abu ɗaya kaɗai ake sauyawa a kowane karo, in ba haka ba, ba za a gane musabbabin bambancin ba.

Kammalawa

Wajibi ne malami ya bar yara su faɗi hasashensu kafin ya yi bayani. Ya kuma tsince guntayen balan-balan da ya fashe, domin suna iya shaƙe yaro.